Tarihin Hirar Fim a Zangon Kwatano

Duk wanda ya zauna a Zangon Kwatano ya san ba a kallon fim a haɗiye shi. Ana gama kallo sai a fito da shi teburin mai shayi, ko inuwar da ake taruwa bayan La'asar kusa da babban masallacin Zango, a yi ta juya shi kamar waina a tanda. Wannan ya ce jarumin ya burge, wancan ya ce ƙarshen labarin shirme ne, wani kuma ya tashi da niyyar sai ya nemo ya gani da idonsa. Tarihin wannan hirar nake so mu bi, domin ta girmi finafinan Hausa kansu.

Zango dai masaukin fatake ne tun asali. Na Kwatano ya tara Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa, da mutanen Maraɗi da Tawa da Damagaram, ga Zabarmawa da Dendawa. Tashar jiragen ruwa da kasuwar Dantokpa su suka riƙe mutane a nan. Hanya ɗaya ta yi arewa ta Parakou da Malanville zuwa Gaya, ɗayar ta bi Seme zuwa Legas. Ta inda albasa da shanu suke shigowa, ta nan labari yake biyowa, har da na fim.

A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, sannan Palace a 1952. Kafin nan akwai majigin Turawa da ake haskawa a fili, galibi don wayar da kai kan tsafta da noma. Kwarori masu gidajen silima ne suka yi ta kawo finafinan Indiya, suka kuwa karɓu fiye da na Amurka, saboda a cikinsu akwai auren dole, akwai kunyar iyaye, akwai talaka mai son 'yar mai kuɗi. A ƙasashe renon Faransa kuwa kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ne suka daɗe suna riƙe da raba finafinai. Dattawan Zango har yanzu suna ambaton silimun Vog da Concorde da Le Bénin, inda suka ga na Indiya da na karate a lokacin samartaka.

A wancan zamani mai sharhi shi ne mai ba da labari. Ba kowa ke da kuɗin shiga ba, matan aure ba sa zuwa, ɗan malam kuma in ya je a ɓoye ne. Saboda haka mutum ɗaya zai kalla, goma su ji a bakinsa. Abin dariyar shi ne, shi kansa bai jin Indiyanci, wani ma Faransancin da aka rubuta a ƙasan allo ya fi ƙarfinsa, amma zai zayyano maka abin da jarumi ya faɗa wa bos kalma bayan kalma. Inda ya rasa ya cike da nasa. 'Yan wasan ma sai da aka raɗa musu sunayen gida, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Ma'aunin fim mai kyau a lokacin bai wuce tambaya uku ba: faɗa nawa aka yi, waƙa nawa ce, jarumin ya mutu ko ya rayu.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a Kano. Bayansa aka samu Gimbiya Fatima, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ki Yarda Da Ni, har aka iso Sangaya da Wasila, waɗanda suka sa sunan Ali Nuhu ya shiga kowane gida. Daga Ƙofar Wambai da Bata kaset yake tasowa, ya biyo direba ko ɗan kasuwa, ya kwana a hanya, ya sauka a Zango.

Nan ne aka samu mutumin da, a ganina, ya fi kowa cancantar sunan mai sharhi a duk tarihin nan, wato mai shagon hayar kaset. Shi kaɗai ne ya kalli duk abin da ke kan kantarsa, ba don sha'awa ba, sai don ya tabbata kaset bai cinye ba. Ya san gidan da ke son barkwancin Ibro, ya san Hajiyar da ba ta son fim mai yawan rawa, ya san amaryar da sai na soyayya. Za a aiko yaro da kuɗi a hannu, saƙon kuma guda ne: "An ce a ba da mai kyau." Idan ya ba da marar kyau, gobe yaron zai dawo da kaset haɗe da mita, jibi kuma a koma shagon gaba. Cikinsa ne ya tilasta masa faɗin gaskiya. Kuma a wannan lokacin ne ra'ayin mata ya hau sama, tunda fim ya bar silima ya shigo ɗaka. Abin da aka yaba a gidan suna ko wajen kitso, shi ne za a yi ta layi a kansa har sati ya zagayo.

Rubutaccen sharhi ya zo a ƙarshen shekarun 1990. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu ita ta fara kiran masana'antar da sunan Kannywood a 1999, shekarar da Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim. A Zango tasirinsu ya bi ta baki, domin yaranmu Faransanci suke koya a makarantar boko, Larabci a ta allo, karatun Hausar boko sai ɗaiɗaiku. Mujalla ɗaya in ta shigo, wani ya karanta da ƙarfi, saura su leƙa hotuna.

Zamanin faifan CD bai daɗe ba satar fasaha ta karya shi. Sai masu tura fim a waya suka gaji shagunan haya, tare da finafinan Indiya da su Algaita suke fassarawa da Hausa, wanda in ka lura aikin tsohon mai ba da labarin nan ne aka mayar sana'a. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Da a zamanin kaset ne, da Zango ya yi fari na sababbin finafinai. Amma a cikin wannan rufewar ne Izzar So da Labarina suka fito, kuma ranar da Bakano ya gani a YouTube, ranar ɗan Zango ya gani.

Sai dai hirar ta sauya kama, kuma mu da ke buɗe layin waya a rediyo mun fi kowa jin haka. Ka tambayi mai sauraro ra'ayinsa kan fim, sai ya ba ka labarin wadda ta fito a ciki, aurenta da motarta da wanda suka yi faɗa. Lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina, surutun fitarta ya fi wanda aka taɓa yi kan labarin Sumayya kansa. Ga rundunonin masoya a Facebook da TikTok, kowa gwaninsa ba ya kuskure. Mai yabon fim a intanet ba ya asarar ko dala in ya yaudare ka, ba kamar mai shagon haya ba. Abin ya shafe mu a nan fiye da mutanen Kano, domin yaron da ya tashi cikin Faransanci da harshen Fon, rabin Hausar da yake ji bayan ta gidansu daga fim take fitowa. Abin da aka ce masa ya kalla, shi zai zama malaminsa na harshe.

Ni in aka aiko mini yaro aka ce in ba da mai kyau, Kwana Casa'in zan fara miƙawa, saboda siyasar Alfawa ta yi kama da ta ko'ina, kuma an rubuta maganganun da hankali. Sai Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024. Wanda ya samu Sarraounia na Med Hondo, da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya kalla, labarin Sarauniyar Lugu ne da yaƙinta da sojan Faransa a 1899. Na ƙarshe shi ne Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: yaro ne aka sace aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawu har ita ma ta faɗa bauta. Tafiyarsa a hankali take, ba irin ta finafinan yanzu ba, don haka a kalle shi da dattijo a kusa, wanda zai riƙa bayyana wa yara mene ne ayari, wane ne madugu.