Bayin Buhari: Rundunar da Maulay Isma'il Ya Kafa Mulki a Kanta

A watan Janairu na 1682 mutanen Landan suka yi cincirindo don ganin jakadan Sarkin Maroko, Muhammad bin Haddu, wanda ya zo wa Sarki Charles na Biyu da tsarabar zakuna 2 da jiminu 30. In ya fita filin Hyde Park da mutanensa, sai su yi ta sukuwa suna cilla masu sama suna cafewa, Turawa na kallo baki buɗe. Ya leƙa jami'ar Oxford, manyan gari kuma suka yi ta rububin gayyatarsa liyafa. Abin da ya kawo shi dai maganar Tanja ce, garin bakin teku da ke hannun Ingila, wanda dakarun ubangidansa suka ƙwace wa wasu hasumiyoyin tsaro a 1680.

Ubangidan nan shi ne Maulay Isma'il, na gidan Alawiyyawa, wanda ya hau mulki a 1672 bayan da wansa Maulay Rashid ya rasu a Marrakush, doki ya kwashe shi ya buga kansa da reshen itace. Ƙasar da ya gada ba ta zauna ba. Fas ta yi masa tawaye, ɗan ɗan'uwansa Ahmad bin Mahraz ya ja daga a kudu fiye da shekara goma, ƙabilun duwatsun Atlas ba sa biyan haraji sai sun ga bakin bindiga, ga kuma Turkawa a Aljeriya ta gabas, ga Sifaniyawa da Ingilishi riƙe da tashoshin teku. Mayaƙan ƙabila kuwa, da zarar lokacin girbi ya yi ko dattawansu sun sauya ra'ayi, sai sansani ya watse. Isma'il yana neman mayaƙin da ba shi da dangi ko gona ko shehin ƙabila, wanda ba shi da kowa sai sarki.

Marubutan tarihin Maroko sun ce wani magatakarda a Marrakush da ake kira Alilish ne ya nuna masa wani tsohon daftari mai ɗauke da sunayen baƙaƙen bayin da suka yi wa Sarki Ahmad al-Mansur aikin soja, shi ne wanda rundunarsa ta ci Songhai a 1591. Sarki ya tambaya ko zuriyarsu na nan, aka ce suna nan warwatse a birni da ƙauye. Ya ce a tattaro su. Daga nan umarnin ya zarce abin da ke cikin daftari. Wanda ke hannun ubangiji aka saye shi, wanda aka 'yanta aka kamo shi, haka ma Haratin, baƙaƙen manoman da suka daɗe zaune a dausayoyin kudu da unguwannin birane. Launin fata ya zama shi ne shaida.

Aka kafa musu babban sansani a Mashra ar-Ramla, kusa da kogin Sebu, kuma a can ne za a ga zurfin dabarar. Isma'il bai tsaya ga manyan da aka kamo ba, 'ya'yansu ya fi sa wa ido. Yaro ya kai shekara 10, sai a kai shi Maknas a damƙa shi ga magini ko kafinta. Daga nan ya koma kora alfadarai masu dakon bulo da itace, sannan a sa shi aikin ganuwa, inda ake kafa alluna biyu a zuba ƙasa da tsakuwa a tsakani a yi ta kirɓawa har ta kama. Sai jikinsa ya yi ƙwari tukuna a ɗora shi kan doki, da fari ba sirdi, yana riƙe da geza, har ya iya harba bindiga yana cikin sukuwa. Yana kai shekara 15 ko 16 sai a rubuta sunansa a daftarin soja, a aura masa yarinya daga cikin takwarorinsa da aka koya wa girki da ɗinki a gidan sarki. 'Ya'yan da za su haifa su ma hanyar ke nan. Runduna ce mai haifar kanta.

Sunan rundunar kuwa daga rantsuwa ya samo asali. Sarki ya kawo Sahihul Buhari ya sa shugabanninsu suka yi mubaya'a a kansa, aka kuma riƙa ɗaukar littafin a gabansu in an fita yaƙi. Shi ya sa ake ce musu Abidul Buhari, wato Bayin Buhari. Marubutan fada sun kai yawansu 150,000 a ƙarshen mulkinsa, adadin da masana na yanzu ke gani an zuzuta. Ko nawa ne dai, sun isa a zuba su a ƙananan ganuwoyi da aka jera kan hanyoyin fatake da gindin duwatsu, suna tsare hanya suna karɓar haraji.

Aiki ya yi kyau ta fuskar sarki. A 1681 aka ƙwace Ma'amura daga Sifaniyawa. Tanja, wadda ta zo hannun Ingila a cikin garar auren gimbiyar Fotugal, Catherine, matar Charles, ta zame masa ƙarfen ƙafa, kuɗi na zurarewa majalisa kuma ta ƙi ƙarawa. A farkon 1684 Ingilishi suka sa albarushi suka tarwatsa ganuwar da shingen tashar jiragen da suka kashe dukiya wajen ginawa, suka hau jiragensu suka tafi. Ara'ish ta faɗo a 1689, Asila a 1691. A Sabta ne aka yi turjiya: an kewaye ta a 1694, aka shekara fiye da ashirin ana ɓarin wuta, kuma har yau tana hannun Sifaniya.

Hannayen da ke riƙe bindiga su ne ke kirɓa ƙasa a Maknas, tare da fursunonin Turawa da talakawan da aka tilasta. Isma'il ya juya wa Fas da Marrakush baya ya mai da Maknas babban birni, daidai lokacin da Louis na Sha Huɗu ke ƙawata fadar Basai a Faransa. Ya gina ganuwa bayan ganuwa, rumbunan hatsi masu kaurin bango da ba a jin zafi a cikinsu, bargar dawaki, da makeken tafkin ruwa, duka da lissafin yadda birni zai jure in an tsare shi. Don samun marmara ya sa aka kwashe fadar Badi ta al-Mansur. Yana kuma ganin kansa tsaran Louis ne, har bayan da jakadansa Abdullahi bin A'isha ya dawo daga Faransa a 1699 ya aika neman auren 'yar Louis, Gimbiyar Conti. Fadar Faransa ta ba da uzurin bambancin addini.

Waɗanda suka tsaya masa a wuya su ne malaman Fas. Yana so su sa hannu cewa duk wanda ke cikin daftari mallakar baitulmali ne, hujjarsa kuwa ita ce jihadi na bukatar runduna, kuma asalin mutanen bayi ne da suka ɓace wa hukuma. A 1697 ya aika wa alƙali da malaman birnin takardar faɗa saboda jan ƙafa. Malaman suka ce asalin ɗan Adam 'yanci ne, mai da'awar bauta shi ke kawo shaida, kuma iƙirarin da aka karɓa da bulala ba ya zama hujja. Maganar ba baƙuwa ba ce a Maroko. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Timbuktu, wanda shi kansa ya yi zaman kamu a Marrakush, ya rubuta Mi'irajus Su'ud, inda ya yanke cewa baƙar fata ba ta halatta bauta, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Gobir da Borno da Songhai cikin Musulmin da ba ya halatta a mallake su.

Da matsi ya yi yawa, da dama sun sa hannu, wasu sun sulale. Abdussalam Jassus ya ƙi. Aka ɗaure shi, aka ƙwace dukiyarsa, aka wulaƙanta shi a bainar jama'a, daga bisani aka shaƙe shi a kurkuku a 1709. Ta fuskar shari'a shi ke da gaskiya, kuma nacin da sarki ya yi wajen neman sa hannun malamai ya nuna shi ma ya san inda hujjarsa ta yi rauni.

Isma'il ya rasu a 1727 bayan shekara 55 a kan gado. Rundunar da aka raina don kada ta san kowa sai shi ta wayi gari ba ta da ubangiji, ga 'ya'yan sarki birjik kowa na neman sarauta. Sai Abidu suka koma naɗa wanda ya fi biya, su tuɓe shi in baitulmali ya bushe. Maulay Abdullahi, ɗan Isma'il, wanda ya ƙarasa ƙofar Bab Mansur ta Maknas a 1732, an naɗa shi an tuɓe shi sau da dama. Haka aka yi ta fama shekara 30, har jikan Isma'il, Sidi Muhammad bin Abdullahi, ya hau mulki a 1757, ya rage yawansu, ya rarraba sauran a garuruwan bakin teku.