Tarihin Ƙwaƙwalwar Katin Hoto, Daga Amurka Zuwa Zakirai

Tarihin da zan kawo ba na sarakuna ba ne, na wani ɗan allo ne kore da ke cikin tsohuwar kwamfuta, watau katin hoto, wanda ke zana duk abin da ido ke gani a gilashi.

Kowane ɗigo na hoto sai an yi masa mazauni a ƙwaƙwalwar katin. Katin CGA da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1981 kilobayit 16 kacal gare shi. EGA na 1984 ya zo da 64, ana iya ƙara masa har 256, VGA na 1987 kuwa da 256 ɗin aka haife shi. Wajen 1995 sai ga S3 Trio64 mai megabayit 1, an bar masa gurabe biyu fayau don mai son ƙari.

Irin wannan na ƙarshe ne ya iso garinmu Zakirai, hedikwatar Gabasawa, cikin wata kwamfuta 'yar kwatano da yayana ya sayo a Kano, muna buga katin biki da ita. Da ita muke ci, amma hoton amarya sai ya fito dabbare-dabbare. Dalili kuwa lissafi ne. Gilashi mai ɗigo 1024 sau 768, in ana son launi 65,536, yana bukatar bayit 1,572,864, abin da ya fi ƙarfin megabayit 1.

Na ciro ƙwayoyi biyu daga wani mataccen kati na dasa. Da muka ta da janareta sai zane-zane suka cika gilashin kamar saƙar zane. Yaya ya ce na kashe mana sana'a ana saura kwana uku biki. Ashe ƙurar hunturu ce ta cika guraben, ƙwaya ɗaya kuma ba ta zauna daidai ba. Na share da buroshin haƙori, na duba alamar da ke nuna gaban ƙwayar, na danna da babban yatsa har ta zauna. Fuskar amarya ta fito tas.

A ganina wannan zamani ya fi mutunta mai gyara, domin katunan yau a like ƙwaƙwalwarsu take da dalma, ba gurbin ƙari. Katin nan yana nan a akwatina, cikin tsumma.