Daga Alif ɗin Kaka zuwa Wutar Lantarki

A garinmu, gabas da Gazawa, tabki ne ke riƙe da mu daga ƙarshen damina har tsakiyar hunturu. Idan ruwa ya fara ja da baya, rana ta yi zafi, sai gansakuka ta rufe bakin tabkin, kore shar, wani lokaci kamar an zuba fenti. Mata su kan kore ta gefe da gindin ƙwarya, su cika tulu. A gida kakata ta ɗauko ɗan dunƙulen alif da ta sayo a kasuwa, ta zagaya shi cikin randa sau uku ko huɗu, ta cire. Kafin a yi sallar azahar laka ta kwanta. In ruwa ya yi garau, a wurinta magana ta ƙare.

Kurkunu ne ya fara ƙaryata ta. Ruwa garau, amma bayan shekara guda tsutsa ta ɓullo a ƙafar mutum, daidai lokacin noma. Sai da yaƙin da cibiyar Jimmy Carter ta ɗauka a 1986 ya iso ƙauyukanmu muka ji cewa wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari ne a cikin ruwan ke ɗauke da ita. Aka raba ƙyallen tata. Kaka ta karɓa tana gunaguni, wai ita za a koya wa ruwa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu.

Daga nan kowa ya ce mafita ita ce rijiyar burtsatse, tunda ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya gansakuka. Mutanen Tibiri, a yankin Gidan Rumji, sun san ƙarshen wannan zance. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 garin na shan ruwan famfo mai sinadarin fuluwor fiye da kima. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta yarda da shi miligiram 1.5 ne a lita, na Tibiri ya ninka haka. Haƙoran yara suka yi ja, ƙafafunsu suka lanƙwashe. Wanda ya taɓa ganin yaran nan ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ruwan kuwa ba launi, ba wari, ko kaka da ta gan shi sai ta sa masa albarka.

Ita kanta gansakukar ashe ba ƙazanta ce kawai ba. Wani irinta, wanda ke haɓaka in kashin dabbobi da takin zamani sun gangara cikin ruwa mai ɗumi, yana fitar da dafi mai cin hanta. Tun 1878 aka rubuta yadda ya kashe dabbobi a tabkin Alekzandirina na Ostareliya. A Agustan 2014 birnin Toledo na Amurka ya yi kusan kwana uku ba a shan ruwan famfo saboda shi, aka kuma gargaɗi mutane kada su tafasa, don tafasa ba ta kashe dafin, sai ma ta ƙara masa kauri. Ƙyalle ma ba ya tare shi. Na tuna makiyayan da ke janye shanunsu daga koren tabki ba tare da sun ce komai ba, mu yara muna ganin tsirfa ce.

Yanzu masana na gwada wutar lantarki. A tsoma faranti biyu cikin ruwa, a sakar musu wuta. In da ɗan gishiri a ruwan, sai sinadarin jabel ya fito nan take, shi da wasu irinsa su farfasa dafin. Faifan hasken rana ya isa ya ba ƙaramar na'ura wuta, rana kuwa ba mu rasa ta ba. Matsalar ita ce farantan na cinyewa, kuma sai da wanda ya iya awo a kusa.

Akwai wata hanyar da ta ba ni dariya ranar da na karanta ta. Idan farantan na alminiyam ne, irin na tukwanen da maƙeran Maraɗi ke zubawa, wutar na narkar da shi kaɗan-kaɗan cikin ruwan, ya tattara gansakuka da laka, har da wani kaso na fuluwor, su dunƙule a kwashe. Alminiyam ɗin nan shi ne abin da ke aiki a cikin alif ɗin da kaka ke ƙullewa a bakin zanenta.