Elasticsearch

Elasticsearch manhajar bincike ce da Shay Banon ya fitar a 2010, an gina ta a kan Apache Lucene. Kwamfutoci da dama kan haɗu su gudanar da ita: ana yanka bayanai gunduwa-gunduwa a raba musu, kwafin kowace gunduwa na wata na'ura dabam.

Saitin kowace na'ura yana cikin fayil ɗin elasticsearch.yml. Lafiyar rukunin kwamfutocin kuwa da launi ake gane ta. Kore, komai lafiya. Ja, wata gunduwar asali ba ta samuwa, bincike zai dawo da giɓi. Rawaya na nufin wani kwafi bai samu masauki ba, kuma ba abin tashin hankali ba ne idan na'urar ɗaya ce tal, tunda ba a ajiye kwafi tare da asalinsa.