Bijirewar Ƙwayoyin Cuta Ga Magani: Abin Da Ya Kamata Ku Sani A Yankin Yelwa

Mene ne bijirewa?

Antibayotik magani ne da ke kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Daga cikinsu akwai amozisilin, Ampiclox, Flagyl, Septrin da tetirasaikilin, wato kafso mai ja da rawaya. Duk lokacin da kuka sha su ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyin cutar suna mutuwa, masu taurin kai kuma su tsira su hayayyafa. Daga nan sai maganin ya daina yi musu komai. Ƙwayar cutar ce ke bijirewa, ba jikinku ba, don haka tana iya yaɗuwa zuwa ga 'ya'yanku da maƙwabta ta hannu, abinci ko ruwa.

Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi kashedin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai kawo haka. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma a Yammacin Afirka aka fi samun yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Cututtukan da kafso ba ya warkarwa

Ga mazaunin ƙauyen Ngaski, Shanga ko bakin Tafkin Kainji, kemis da mai tallar magani a kasuwa sun fi asibiti kusa. Sai dai yawancin abin da ake sayen kafso dominsa ba ya bukatarsa:

Zazzaɓi: Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kebbi, mafi yawa a Najeriya. A fara da gwajin jini. Idan maleriya ce, maganinta ACT ne. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot.

Fitsarin jini: A wurin masunta da yaran da ke wanka a tafki, galibi tsargiya ce. Tsutsa ce ke kawo ta, kuma maganinta furazikwantel.

Gudawa mai ruwa-ruwa: Abin da yaro ke bukata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da shayarwa.

Mura da tarin hunturu: Yawanci bairas ne, antibayotik ba ya taɓa shi.

Idan likita ya rubuta muku antibayotik

Ku sha adadin da aka faɗa, a kan lokaci, har kwanakin da aka ɗiba su cika. Kada ku sayi na kwana biyu alhali na kwana biyar aka rubuta; idan kuɗi ne matsala, ku gaya wa likita ya duba mai sauƙin farashi. Kada ku ajiye ragowa, kada ku ba wani, kuma kada ku barbaɗa garin kafso a miki. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Haka nan ga dabbobi. Kada ku ɗura wa shanu ko kaji magani ba tare da likitan dabbobi ba, kuma ku jira kwanakin da aka rubuta kafin sayar da nono ko yanka.

Yaushe za ku garzaya asibiti?

Ku je cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Yauri ba tare da jinkiri ba idan akwai numfashi da sauri ko faɗawar awazu ga yaro, jini a bayan gida, sanƙarewar wuya, jijjiga, zazzaɓi ga jariri ɗan ƙasa da wata 2, ko zazzaɓi bayan haihuwa. Haka kuma idan an yi kwana 2 zuwa 3 ana shan magani babu sauƙi. Ku tafi da kwalayen duk abin da aka sha, domin su ne za su nuna wa likita maganin da ya riga ya gaza.

Wanke hannu da sabulu, tafasa ruwan tafki kafin sha da kammala rigakafin yara suna rage bukatar antibayotik tun farko.