Hunturu da Ayarin Fatake a Birnin Zazzau

A ƙarni na 19, ƙarshen kaka ne ke buɗe wa matafiyin Zariya hanya. Muddin ana damina, kogin Galma da na Kubanni kan cika, laka ta riƙe ƙafar jaki, fatake su dakata. Sai wajen Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ke tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, ruwa kan janye, mashigai su buɗe.

A nan ne madugu kan tara ayari, a ɗora wa jakuna kanwa da tufafi, a fita ta ƙofofin ganuwa, a nufi Gwanja neman goro, tafiyar watanni. Amma sauƙin hanyar bai zo a banza ba: ga sanyin asuba a zango, ga faso a ƙafa, ga hazon da ke ɓoye ɗan fashi.

Da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, tafiya ta daina jiran rani. Duk da haka, hunturu bai sauka daga sarautarsa ba. A garin da aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964, har yau hazo kan hana jirgi tashi.