Jos, Garin da Kuza Ta Jawo wa Lantarki

Duk wanda ya taso daga Zariya ko Bauci ya nufi Jos, tun kafin ya hangi gidan farko jikinsa zai gaya masa cewa ya hau tudu. Iska takan sauya, kunne ya ɗan toshe, ga duwatsu sun hau kan juna a dama da hagu. Garin yana zaune ne a kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa a lokacin hunturu baƙo yakan nemi bargo biyu. Wannan tsayi ne ya ba Jos sanyinta, shi ne kuma ya ba ta wutar lantarki irin ta ruwa shekaru 45 kafin a buɗe madatsar Kainji. Ba kasafai ake ba da wannan labari ba, kuma ina ganin rashin adalci ne ga garin.

Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu sun daɗe suna noman acca a tsakanin duwatsun nan kafin Bature ya san da zamansu. Kuza ma ba Turawa suka gano ta ba. Maƙeran Liruwen Dalma sun jima suna narka ta, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Irin waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan kamfanin Royal Niger, suka shiga tambayar daga ina ake samo su. A farkon ƙarni na 20 wani injiniya mai suna Henry Laws ya bi sawun har bakin kogin Dilimi, ya kafa sansani a Naraguta. Kafin a yi nisa kamfanoni sun cika tudun, kowa yana kafa turaku yana cewa nan nawa ne.

Aikin farko na hannu ne zalla. Lebura ya sari ƙasa da diga, ya cika kwanon sarki, ya ɗora a ka ya kai bakin ruwa. Can a zuba a kwata, ruwa ya tafi da laka da yashi, baƙin tsakin kuza mai nauyi ya kwanta a ƙasa, a sake tace shi da ƙwarya, a shanya, a ɗura a buhu. Daga nan 'yan dako su ɗauka a ka, su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Wannan wahala ce ta sa aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso a 1914. Jirgin ya kwashe kuza, ya kuma kawo mutane: Hausawa 'yan ƙwadago da 'yan tireda da mahauta, Yarabawa, Ibo, Urhobo, da akawuna daga bakin teku. A wajen shekarar 1915 aka shata garin, Turawa a gefe guda, sauran jama'a a nasu gefen.

Sai dai kuzar da ke kwance a bakin rafi ba ta daɗe ba ta ƙare. Wadda ta rage tana can ƙasa, ƙarƙashin laka mai kauri, kuma ba a kai gare ta sai da inji: famfon da zai feso ruwa da ƙarfi ya rusa gaɓa, da wani famfon da zai tsotso taɓon da tsakuwarsa ya haura da shi sama, ga kuma ruwan da ke taruwa a rami wanda dole a yi ta kwashewa dare da rana. Inji kuwa yana son abin ci. Itacen tudun bai taka kara ya karya ba, ɗan wanda ke akwai ma an sare shi. Kwal yana can Inugu, kuma babban layin dogo da ya biyo ta Kafancan bai iso Jos ba sai 1927. Man inji kuma daga ƙasar waje ake kawo shi, da tsadarsa.

A nan ne idon injiniyoyi ya koma kan bakin tudun. Ruwan sama yana sauka sosai a Jos daga Afirilu zuwa Oktoba, kuma koguna da dama daga nan suke farowa, wasu su nufi Neja, wasu Binuwai, wasu tafkin Cadi. Inda tudun ya ƙare, musamman ta yamma da kudu, ƙasa ba ta gangarawa a hankali, yankewa take yi, ruwan ya faɗo daga sama. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A tare kogin tun yana sama, a karkatar da shi ta kwata har bakin dutse, a zuba shi cikin bututun ƙarfe mai faɗi da ya gangaro tsaye. Kafin ya isa ƙasa nauyinsa ya zama ƙarfi, ya bugi fukafukan inji, injin ya juya janareta, sannan ruwan ya fita ya koma kwarinsa ba tare da an rage ko kofi ɗaya ba. Ƙaramin rafi mai faɗowa daga nesa yakan yi aikin babban kogi mai tafiya a shimfiɗe.

A 1923 wani kamfanin kuza ya kafa tasha a magangarar Kwal, cikin ƙasar Irigwe, mai ba da kimanin megawat 2. A yau adadin ƙarami ne, amma a wancan lokaci ya nuna wa kowa hanya. A 1929 kamfanin lantarki na NESCO ya soma aiki da tashar magangarar Kurra, daga baya aka ƙara wasu a Jekko da Ankwil. Babbar matsalarsu rani ce, domin rafukan tudu suna ƙafewa da zarar damina ta ɗauke, saboda haka aka gina madatsun ajiye ruwa a sama, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har ruwan sama ya dawo. Legas ta riga kowa ganin ƙwan lantarki tun 1896, amma da injin ƙona makamashi. Wutar ruwa a Nijeriya daga tudun Jos ta fara.

Ya kamata a faɗi gaskiyar wanda aka yi wa wutar. Wayoyin sun tashi daga magangara sun nufi ramukan kuza na Bukur da Barikin Ladi, sannan ofisoshi da gidajen manajoji. Leburan da ya haƙa kwatar da ruwan ke bi yana komawa bukkarsa ne ya kunna aci-bal-bal. Abin ya fi muni a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Aka shiga kwaso maza daga lardunan Arewa ala tilas, abin da mutane suka kira diban gwamna. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka kawo shi cikin sanyin tudu ba riga mai kauri, ba isasshen abinci. Da yawa ba su koma gida ba, kuma aikin madatsar Tenti, wadda aka gina don ƙara wa injinan ruwa, yana cikin wuraren da aka fi jin jiki. Duk mai alfahari da tsohuwar wutar Jos bai kamata ya manta da waɗannan bayin Allah ba.

Sannu a hankali wutar ta gangaro cikin gari, ta shiga asibiti da silima da shagunan tela da injin niƙa. Kuza ta ci gaba da kawo abin mamaki: a ramin haƙarta aka tono kawunan yumɓun Nok, waɗanda suka sa Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri. Jos ta zama hedikwatar jihar Binuwai-Filato a 1967, ta Filato a 1976, ga jami'a tun 1975.

Kuzar ce ta fara gajiya. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka tattara. Sun bar tsaunukan jar ƙasa da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, waɗanda suka ci yara da shanu ba adadi. Da ruwan waɗannan kududdufai ne manoma ke noman rani a yau, kuma yawancin dankalin Turawa da kabeji da karas da ake lodawa a kasuwar Farin Gada daga irin gonakin tudun suke fitowa. NESCO kuwa ba a haɗiye shi cikin hukumar lantarki ta gwamnati, ECN, ba, ba a haɗiye shi cikin magajiyarta NEPA da aka kafa a 1972 ba. Ya ci gaba da zamansa a Bukur a matsayin kamfani mai zaman kansa, kuma shekaru da dama mai injin walda ko gidan sanyi a yankin, in zai kama haya, tambayarsa ta farko ita ce ko layin NESCO ya bi ta unguwar.